Wa ya duba waken nan kafin a ce mu shuka? Fashin baƙi kan irin GMO

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan isha'i nan wajen Ƙofar Kaura, sai wani yayanmu ya kunna mana wata murya da aka turo masa ta WhatsApp. Wani bawan Allah ne yake ta rantsuwa wai duk wanda ya ci waken GMO shi da haihuwa sai a lahira, wai kuma gonar da aka shuka shi ta mutu kenan, ko ciyawa ba za ta ƙara fitowa ba. Kafin muryar ta ƙare majalisa ta dare biyu, masu cewa makircin Turawa ne da masu cewa jahilci ne kawai ke damunmu. Baba Alhaji, wanda ya kwashe shekaru yana noman auduga a ƙasar Malumfashi kafin ƙafa ta zaunar da shi, bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa, sannan ya ce "ni dai yara ku faɗa mani, wa ya duba abun nan kafin a ce mu shuka, kuma mi ya duba?" Duk muka yi tsit. Tambayar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Bari mu fara da warware wani ruɗani, don yanzu komi aka gani ya yi girma sai a ce GMO ne. Tumatir ya yi ƙato GMO, kajin gidan gona GMO, kankana ba 'ya'ya GMO. Ba haka abun yake ba. Mafi yawan ingantaccen iri da ke shagunanmu irin aure ne, an haɗa masara da masara ko dawa da dawa an zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, abun da kakanninmu ma suke yi in sun ware zangarniya mai kyau sun rataye ta don baɗi. Shi GMO daban ne, ana ɗauko ƙwayar gado guda daga wata halittar da ba dangin shukar ba a dasa ta cikin shukar a ɗakin gwaji. Wanda ya shafe mu a nan an ɗauko ƙwayar ne daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Ita wannan bakteriya tana yin wani furotin da in tsutsa ta ci, sai ya narke a hanjinta ya maƙale a wasu gurabe na musamman ya huda hanjin, tsutsa ta daina ci ta mutu. Cikin ɗan Adam mai tsami ne, na tsutsa akasin haka, kuma mu ba mu da waɗannan guraben da furotin ɗin ke kamawa. Tun 1938 ake sayar da Bt a matsayin maganin feshi a Faransa, har gobe masu noman da ba sa son maganin zamani ma suna fesa shi. Bambancin kawai yanzu shukar ce da kanta ke yin abun.

Abubuwan da aka saki wa manoma su shuka a Najeriya ba su da yawa. Auduga mai Bt a 2018, iri biyu, aikin kamfanin Mahyco tare da cibiyar binciken noma ta Samaru wato IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sai wake, SAMPEA 20-T, da aka yi wa rajista a Disamba 2019, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da waken GMO, kuma Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin a Samaru. An yi shi ne don tsutsar Maruka, wadda ke shiga furen wake da kwansonsa ta cinye daga ciki inda feshi ba ya kai mata sosai, in ta yi ƙamari tana iya cin kashi 80 cikin ɗari na amfanin. Sai masarar TELA a Janairu 2024, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, saboda tsutsar kara da kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo mana a 2016, da ɗan jure fari. Gero, dawa, gyaɗa, shinkafa, tumatir, duk ba su cikin lissafin nan.

To wa ke dubawa? Hukuma ce mai suna NBMA, tana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa ta a Afrilu 2015 gab da zai sauka, sannan a 2019 zamanin marigayi Buhari aka yi wa dokar kwaskwarima aka ƙara mata sababbin fasahohi irin su gyaran ƙwayar gado ba tare da an dasa baƙuwa ba. Tushen abun kuma wata yarjejeniya ce ta duniya, ta Cartagena, an ƙulla ta a 2000 ta fara aiki a 2003, Najeriya na ciki. Abun da ta ce a sauƙaƙe shi ne ba a shigo wa ƙasa da irin wannan iri don shukawa sai an sanar da ita ta yarda, kuma ƙasa na da damar ta ce a'a ko da hujjar cutarwa ba ta cika ba, in dai tana da shakka.

Hanyar kuwa doguwa ce, ba kamar yadda ake faɗa ba cewa an sauke shi daga jirgi an raba. Daga ɗakin gwaji sai ɗakin raga, daga nan sai a nemi izinin gwaji a killace, wato fili ne da aka zagaye da waya, da masu gadi, da tazara tsakaninsa da sauran gonaki, ba mai fita da ko ƙwaya ɗaya, in an gama girbi an auna sai a ƙone ragowar, a ci gaba da zagaya filin ko wani zai tsiro daga baya a tumɓuke. Waken nan a 2009 aka fara masa irin wannan gwajin a Zariya, bai samu izinin fita fili ba sai farkon 2019, shekara goma kenan. In mai iri ya ga ya shirya sai ya kai takardunsa NBMA, ita kuma ta buga sanarwa a jaridu ta ba jama'a kwana 21 duk mai ƙorafi ya kawo, kwamitin masana ya zauna ya tantance, sannan a ba da izini ko a hana. Ko an ba da ma ba a gama ba, akwai wani kwamitin na ƙasa mai yi wa iri suna da rajista, mazauninsa Ibadan, shi yake duba ko irin ya yi yabanya a wurare daban-daban, daga nan hukumar iri ta ƙasa NASC ta sa ido kan yadda kamfanoni ke ninka shi suna zubawa a leda. Abincin gwangwani da na kwali kuwa NAFDAC na da hannu a ciki.

Sai rabi na biyu na tambayar Baba Alhaji, mi ake dubawa. A ɓangaren ci, ana bin ƙa'idojin da hukumar lafiya ta duniya da ta abinci suka fitar tare a 2003. Da farko a gano ina ƙwayar ta sauka a jikin shukar, guda nawa ce, kuma tana nan daram daga uwa zuwa 'ya zuwa jika ko tana canzawa. Sannan a ɗauki sabon furotin ɗin a gwada tsarinsa a kwamfuta da na duk wata guba da aka sani da duk abubuwan da aka san suna jawo borin jini, in ya yi kama da ɗayansu an samu matsala. A zuba shi cikin ruwan da aka haɗa kamar na cikin mutum a ga ko yana narkewa da wuri. A ɗura wa ɓeraye shi da yawa fiye da abun da mutum zai taɓa ci. Daga nan a shuka sabon irin gefe da gefe da uwarsa wadda ba a taɓa ba, a auna furotin, mai, sitaci, ma'adanai da sauransu a ga ko wani abu ya kauce. Ga waken namu uwar ita ce SAMPEA 10, iri ne da manoma suka riga suka sani.

A ɓangaren gona kuma tambayoyin daban ne. Zai kashe zuma da sauran ƙwarin da ke amfanar mu? Zai zama ciyawa mai wuyar kashewa? Ƙwayar za ta tsallaka zuwa danginsa na daji? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi ga wake musamman, don wake ɗan Afirka ne, danginsa irin su waken gizo suna nan a dazukanmu. Sauƙin abun shi ne wake yawanci kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba, tsallakawar kaɗan ce. Masara kuwa iska ce ke kwasar bununinta, in maƙwabcinka ya shuka TELA kuna fure lokaci ɗaya to wasu 'ya'yan da ke gefen gonarka za su ɗauka, wannan ba wani ɓoyayyen abu ba ne.

Shin gwajin nan yana kama wani abu kuwa ko dai cika takarda ne? Yana kamawa. A shekarun 1990 wani kamfanin iri a Amurka ya ɗauko ƙwaya daga wata gyaɗar itace ta ƙasar Birazil ya sa a waken suya don ƙara masa gina jiki, da aka gwada da jinin mutanen da wannan gyaɗar ke tayar wa borin jini sai aka ga waken ma ya ɗauko halin, aka buga sakamakon a 1996, aka binne aikin, bai taɓa shiga kasuwa ba. Amma akwai wani labarin da ni ya fi tsaya mani a rai. Masarar StarLink, hukumomin Amurka suka ce furotin ɗinta ba ya narkewa da wuri don haka dabbobi kaɗai za a ba, ban da mutane. A 2000 sai ga ta a abincin mutane cikin kantuna, aka yi ta janye kaya na miliyoyin daloli. Ba a tabbatar ta cutar da kowa ba, amma kun ga a nan masana sun yi nasu aikin daidai, inda abun ya kwance shi ne a rumbu da mota da injin niƙa, inda masara ke haɗuwa da masara. A Amurka fa kenan, inda komi da takarda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hotunan ɓerayen nan masu manyan ƙari da ake ta yawo da su a Facebook, daga binciken wani Bafaranshe ne mai suna Séralini na 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, saboda ɓerayen sun yi kaɗan a kowane rukuni kuma irin ɓerayen da ya yi amfani da su dama suna yin ƙari da kansu in sun tsufa. Wata mujallar ta sake buga shi daga baya, amma manyan gwaje-gwajen da Tarayyar Turai ta biya kuɗinsu ba su ga abun da ya ce ya gani ba. A 2016 cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta tattara ɗaruruwan bincike ta ce ba ta ga shaidar cewa abincin GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ba. Tun 1996 ake noma shi da yawa, mutanen Afirka ta Kudu sun fi shekara ashirin suna tuƙa tuwo da farar masarar GMO suna kuma haihuwa. Maganar irin da ba ya tsirowa in an sake shukawa, gaskiya ne an yi wa wannan fasahar rajista a Amurka a 1998, amma duniya ta yi ca, aka dakatar da ita a 2000 kuma ba a taɓa sayar da ita ba. Waken SAMPEA 20-T in ka ajiye ka shuka baɗi zai fito. TELA ma za ta fito, sai dai da yake irin aure ce 'ya'yanta ba sa kai uwar yabanya, kamar dai kowace masarar aure da muke saye tun kafin a san wani GMO.

Sai a ce to ai Turawa sun ƙi shi. Rabin gaskiya ce. Masarar GMO iri ɗaya tak ake nomawa a Tarayyar Turai, yawanci a Sifen, ƙasashe da yawa sun hana shukawa a ƙasarsu, amma jiragen ruwa na sauke masu waken suya na GMO daga Birazil da Amurka suna ba kaji da shanu. Abun da suka fi mu shi ne tambari, in GMO ya wuce kashi 0.9 cikin ɗari a abinci dole a rubuta.

Yanzu bari in faɗi inda nake ganin masu suka suna da gaskiya, don ba duka maganarsu ce shirme ba. Na ɗaya, yawancin bayanan da hukuma ke dubawa mai neman izinin ne ya kawo su. Haka ake yi a ko'ina, har a harkar magunguna, amma hakan na nufin dole mai dubawar ya kasance da ƙwararru da kuɗi da kayan aikin da zai iya cewa ban yarda ba a sake. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey sun daɗe suna ƙorafin cewa hukumar gwamnati mai tallata wannan fasaha tana da kujera a majalisar gudanarwar hukumar da ke sa ido, kamar a ce dillali na cikin masu yanke hukunci kan lafiyar saniyar da ya kawo. Wannan ƙorafi ne mai ma'ana. Sun kuma yi ta maganar izinin audugar Bt da NBMA ta ba kamfanin iri na Monsanto mai ɗauke da kwanan watan 1 ga Mayu 2016, ranar Lahadi da ba a aikin ofis. Surutun ya kai har majalisar wakilai ta nemi a dakata a yi bincike a Mayun 2024. Kuma kwana 21 ɗin nan na jin ra'ayin jama'a, don Allah wane manomi ne a Ɗandume ko Bakori ke sayen jaridar Turanci, balle ya je ya karanta tulin takardun kimiyya ya rubuta ƙorafi? A takarda an tuntuɓi jama'a, a zahiri mutumin da zai shuka abun a WhatsApp ya fara jin labarinsa, daga bakin mai rantsuwar nan.

Akwai kuma darasin Burkina Faso, wanda Baba Alhaji ya fi kowa ganewa da na ba shi. Sun fara noman audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, amma da aka kai gidan gurza sai aka ga silin audugar ya gajarce, kuma tsawon sili shi ne darajar audugarsu a kasuwar duniya. Kamfanonin audugarsu suka yi asara, a 2016 suka watsar da ita. Ba wanda ta sa wa ciwo, matsalar daga yadda aka auri ƙwayar da irin ƙasarsu ne. Wato iri na iya tsallake gwajin lafiya sarai ya zo ya karya manomi ta aljihu, kuma mu da Funtuwa ke cike da gidajen gurza ya kamata mu fi kowa tambayar wannan.

To mu dawo kan StarLink. Duk tsarin da na lissafa a sama an gina shi ne kan zaton iri na tafiya cikin leda mai tambari daga kamfani zuwa gona. Mu kuwa ya muke samun iri? Ka ciri na bara a rumbu, ko ƙaninka ya ba ka, ko ka je kasuwa a auna maka tiya biyu. Wake ya bar gona ya shiga buhu, buhu ya hau mota zuwa Ɗandume ko Charanci ko Mai'aduwa, daga can wani ya yi Legas wani ya tsallaka Kongolam ya shiga Nijar, wadda ita ba a tambaye ta ba. Mai ƙosai da mai alala ba su san wane wake suka jiƙa ba, mai saye ma haka. Dokar ta yi maganar tambari, amma ina za a manna shi, jikin tiya? Ni kaina bara na shiga wani shagon iri na tambayi yaron shagon ko wannan masarar TELA ce, ya ce mani "yallaɓai duk ɗaya ne, mai kyau ce." Wanda ke son ya shuka bai da tabbacin na gaske aka ba shi, wanda ba ya so shi ma bai da hanyar kaucewa, duka biyun an tauye su.

Babban abun tsoron ma a wajena ba ciki ba ne, tsutsar ce. In ka shuka Bt ko'ina shekara da shekaru, 'yan tsirarun tsutsotsin da suka jure su ne za su rayu su hayayyafa, wata rana ka wayi gari maganin ya daina ci. Ya faru a Indiya, jar tsutsar auduga ta gagari irin audugar Bt mai ƙwayar gado biyu wajen 2015, manoma suka koma feshi bayan sun sayi iri da tsada. Maganin abun shi ne a bar wa tsutsa wani yanki na shukar da ba Bt a kusa, don marasa juriya su rayu su yi ta aure da masu juriya suna tsarma jinin. Yanzu wa zai je ya ce wa mai gona kadada ɗaya ya ware wani ɓangare ya ciyar da tsutsa da gangan, kuma wa zai dawo ya duba ko ya yi? Aikin malaman gona ne, su KTARDA, hukumar raya noma ta jihar Katsina, kuma kowa ya san malamin gona ɗaya ƙauyuka nawa ke kansa.

Wani abun kuma da ba a cika faɗa wa manomi ba, waken nan Maruka kawai yake kashewa. Masu binciken sun ce feshi zai sauko daga sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu, ba su ce a daina ba, don ɗarba da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan. Wanda ya ji an ce ba ya son magani ya rataye famfonsa zai sha mamaki. Kuma ba ruwansa da ƙwaron da ke huda wake a buhu. Nan ne ma ainihin gubar da ke shiga cikinmu take, don a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na Sniper da aka samu a jikinsa, wanda 'yan kasuwa ke zubawa don ajiya. Wannan wake ne na gargajiya tsantsa, ba a taɓa masa ƙwayar gado ba, kuma ban taɓa jin an turo murya ana rantsuwa a kansa ba.

Da na gama zayyana wa Baba Alhaji duk wannan a wani zaman, ya daɗe yana jan carbi, sai ya ce shi bai ƙi a ba jikokinsa waken su gwada a gefe guda ba, amma da sharaɗi biyu, a kawo shi a ledarsa a rufe ya ga tambarin da idonsa, sannan a bar masa tsohon irinsa na farin wake mai yaɗo a rumbu, don shi harawa yake so saboda tumaki, kuma ya ji an ce wannan sabon kwana saba'in da 'yan kai yake yi a tsaye ya ƙare. Yayan namu mai WhatsApp ya ce to Baba maganar haihuwar fa? Baba Alhaji ya ce a sake kunna masa muryar ya ji ko mutumin ya faɗi sunansa da garinsu. Aka kunna, bai faɗa ba.